Sunan Zailani a Waƙa ta Bakwai

Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano daga unguwar Deira da ke Dubai ta ofishin Alhaji Abdulganiyyu ya san rubutun Malam Zailani, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai rubuta suna da lambar waya a jikin kwali da baƙin alƙalamin maka, manyan haruffa a miƙe, ba ya tsallake ko ɗigo. Shi ke ɗora kaya a sikeli, shi ke naɗe su da salatif, shi ke shan faɗan 'yan kasuwa idan turarensu ya fashe a hanya. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki. An sauya kafet ɗin ofishin sau uku, ma'aikata sun zo sun tafi, Zailani yana nan a bakin sikeli.

Ba mutum ne mai magana ba. 'Yan Kantin Kwarin da ke cika ofishin sun ɗauke shi wani dattijon ustazu, har wasu kan ce ya sa su a addu'a. Da sun san abin da yake ji a iyafis ɗin nan da ba ya barin kunnensa, da sun riƙe baki. Ba karatu ba ne, ba wa'azi ba ne. Jita ce mai aiki da lantarki tana tsala ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, ga ganguna, ga wani ƙato yana rera Hausar Jos iya ƙarfinsa. 'Yan Kuza ke nan.

Yaran yanzu ba su san su ba, kuma su suka yi asara. 'Ya'yan leburorin haƙar kuza ne na Bukuru, waɗanda suka samu tsofaffin jitoci a wani kulob da Turawa suka bari, suka koya wa kansu kiɗan rok, suka ɗora masa Hausa. Sanda ke waƙa yana kaɗa babbar jita, Ɗantani ke kan ganguna. A zamaninsu babu gidan rawa daga Jos zuwa Kafanchan har Bauchi da ba su cika shi maƙil ba.

Zailani bai iya kaɗa komai ba, ko tafi ya yi sai ya saɓa da na jama'a. Aikinsa janareto ne. Yana ɗan shekara goma sha takwas Sanda ya gan shi a garejin wani bakanike ya ce ya biyo su, domin jitar lantarki itace ce kawai idan an ɗauke wuta, kuma ɗauke wuta ba ta da ranar hutu. Saboda haka duk wasan da 'Yan Kuza suka yi cikin shekara goma sha bakwai, Zailani yana bayan gini da jarkar mai da sufana a aljihu, yana jin kiɗan ta bango gauraye da rurin inji. Bai taɓa kallonsu daga gaba ba ko sau ɗaya.

Amma an san shi. Wata rana a Kafanchan janareton ya fara tari ana tsakiyar waƙa, Sanda ya ɗaga murya ya ce, "Zailani, riƙe mana wuta!" Maganar ta shiga kaset ɗinsu na uku, daga nan ta zama ta gari. Idan aka ɗauke wuta a gidan biki ko a ɗakin kwanan ɗalibai, sai ka ji wani ya ƙwala wa Zailani kira, mutumin da bai taɓa ganin ko ƙeyarsa ba.

Rikicin da ya raba Jos gida biyu shi ya watsa su. Ɗakin da suke ajiye kayan kiɗa ya ƙone, gidajen rawa suka rufe, kowa ya koma unguwar da sunansa ya dace da ita. Zailani ya yi 'yan shekaru yana gyaran janareto a Kano, aurensa ya mutu a can ba haihuwa, sai wani ɗan kasuwa ya yi masa hanyar Dubai. Kafin ya tashi ya je Bukuru ya yi wa Sanda sallama, a nan kuwa bakinsa ya ja masa. Ya yi alkawarin zai dawo da sababbin jitoci da sifiku da ganguna, 'Yan Kuza su sake miƙewa. Shi a zatonsa a Dubai irin waɗannan a bakin titi ake tsintarsu.

Abin da ya tarar gado ne mai hawa biyu a ɗakin mutum shida a unguwar Al Rigga. Shekarar farko yana buga wa Sanda waya yana cewa saura ƙiris. A ta biyu kiran ya ja baya. A ta uku ya sauya layi bai aika da sabuwar lamba ba, wai sai ya haɗa kayan tukuna. Irin wannan kunyar ba raguwa take ba, kullum ƙiba take ƙarawa, har ta kai mutum ya ga lambar a wayarsa ya kau da kai. Iyayensa sun riga sun rasu, babu wanda zai tilasta masa zuwa gida, shi ma bai tilasta wa kansa ba.

Shekara shida da suka wuce ya ci karo da zauren WhatsApp na masoyan 'Yan Kuza, wanda Kamila 'yar Sanda ta buɗe take kula da shi. Ya shiga da lambar Dubai, ba hoto, ba suna sai "Deira Kago". Mutum ɗari biyu da 'yan kai ne a ciki, tsofaffin malaman makaranta, direbobi, wata nas mai suna Ramlat da ke aiki a Ingila. Yana karanta komai. A nan ya ga Sanda ya yi furfura. A nan ya ga sanarwar rasuwar Ɗantani, ya zauna a kan kwalin wani Alhaji ya yi kukansa, ya share ido ya ci gaba da naɗe kaya. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Duk da haka zauren nan shi ne majalisarsa, ba shi da wata. Abokan ɗakinsa 'yan Pakistan ne da Bangladesh, tsakaninsa da su sallama ce da layin banɗaki.

Sai ga shi a watan Janairu Sanda, da shekararsa saba'in da huɗu da ciwon zuciyarsa, ya tattaro ragowar mutanensa biyu da wasu samari suka fitar da sabon kundi mai waƙa tara, na farko cikin shekara ashirin da biyar.

Da safiyar Talata aka sake shi, kafin ƙarfe goma zauren ya hargitse. Wani Hafiz, wanda ba a taɓa yin zancen da bai fi kowa saninsa ba, ya ce an cuce su, gangunan na kwamfuta ne, da Ɗantani na da rai da ba a yi wannan abin kunya ba. Ramlat ta ce ita tun waƙar farko kuka take, kowa ya ƙyale ta. Wani ya ce muryar Sanda ta dishe, aka ce masa ya bari ya kai saba'in a ji tasa. Wasu suka ce wa'azi ya yi yawa, su rawa suka zo yi, aka tambaye su da wace gwiwar. Mutum biyu suka fice cikin fushi, ɗaya ya lallaɓo ya dawo bayan minti ashirin. Duk wannan fa a kan waƙoƙi uku na farko ne, don babu wanda ya yi haƙurin kaiwa ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

Zailani bai taɓa kundin ba sai da aka rufe ofis don hutun rana. Ba ya son ya ji Sanda a tsakanin "kilo nawa" da "yalla, yalla" na Larabawa masu gaggawa. Ya yi azahar, ya gangara bakin ruwa ya shiga abra, ɗan jirgin katakon nan da ke tsallaka da mutane zuwa unguwar Bur Dubai, ya zauna daf da injin. Da gangan ya zaɓi wurin, domin kunnensa bai saba jin 'Yan Kuza ba inji a gefe ba. Ya tsallaka, ya dawo, ya sake tsallakawa, har matuƙin ya fara kallonsa ta wutsiyar ido.

Gaskiyar Hafiz ce, gangunan ba su kai ba. Amma jitar ta Sanda ce, har da 'yar gardamar nan da take yi kafin ta shiga amshi. Zailani ya kama kansa yana murmushi shi kaɗai a cikin 'yan Indiya masu ledojin yadi.

Waƙa ta bakwai ba ganguna. Sanda ne kawai da jitarsa, a hankali, yana kiran sunayen mutanensu da suka riga mu gidan gaskiya. Ya kira Ɗantani. Ya kira Bitrus mai jita mai kaurin murya, ya kira Ladi mai tuwo da ke ciyar da su a tasha, kowa da ɗan baitinsa. Zailani yana gyaɗa kai yana cewa amin. Sai muryar ta ɗan tsaya, ta dawo a karye: Zailani mai janareto, kai ma taka wutar ta ɗauke, Allah ya haskaka maka kabari.

Ya mayar da waƙar baya ya sake ji. Sunansa ne, babu wani Zailani mai janareto. Jirgin ya iso Deira, mutane suka sauka, shi yana zaune sai da matuƙin ya taɓa kafaɗarsa ya ce khalas, wato an gama. Ya sauka. Ba tsoro ya ji ba, wani irin sanyi ne ya ratsa shi, ya ga ashe duk shekarun nan da yake ɓuya babu mai nemansa, an daɗe da shafa masa fatiha.

Zuwa la'asar 'yan zauren suka iso waƙa ta bakwai, faɗa ya tsaya cak. Ko Hafiz ya sauko ya ce wannan ɗayar ta biya kundin duka. Aka shiga jero addu'a, kuma abin mamaki, sunan Zailani ya fi na kowa tashi, saboda kowa yana da labarin ranar da aka ɗauke wuta ya kira shi. Wani ya tambayi yadda ya rasu. Aka ce janareto ne ya yi bindiga da shi a Kano, wani ya ce a'a, a hamada ya ɓata kan hanyar Libiya. Hafiz ya raba gardama, ya ce a Kano ne, da shi aka yi jana'izar, a sahu na biyu ya tsaya.

Ramlat kuwa gaskiya ta faɗa. Ta ce tana 'yar makarantar koyon jinya suka je wasa a Bukuru ita da ƙawayenta, aka tashi ba mota, wani siririn yaro mai warin fetur ya raka su da tocila har ƙofar makaranta, bai ce musu komai ba ya juya. Sai daga baya suka ji shi ne Zailanin cikin kaset. Zailani ya tuna. Ya tuna har da yadda ya sha faɗa wajen Sanda don ya bar janareto ba mai gadi.

Kwana uku yana karanta ta'aziyyar kansa, kuma in za a faɗi gaskiya, daɗi yake ji. A Dubai sunansa "Malam, auna min wannan". Rabon da wani ya ambace shi da ƙauna har ya manta. Yanzu ga mutum ɗari biyu suna cewa mutumin kirki ne, mai amana, ba ya barin aikinsa. Mamaci ba a tambayarsa ina jitocin da ya yi alkawari, ba a tambayarsa me ya tara a shekara goma sha tara. Ya raya a ransa ya bar abin haka nan, kowa ya huta.

Ranar Juma'a Kamila ta sa sanarwa. Ta ce Baba zai yi saukar Alƙur'ani da sadaka a gidansa ranar Lahadi ta sama saboda Musulmin da aka ambata a waƙar, yana so ya yi tun yana da sauran ƙarfi, don likita bai ba su labari mai daɗi ba. Wannan ne ya hana Zailani sukuni. Yabon ƙarya zai iya haɗiyewa. Amma a tara malamai a yi masa sauka yana nan yana shan shayi a Al Rigga, tsoho mai ciwon zuciya yana zubar masa da hawaye, wannan ya san sai Allah ya tambaye shi.

Ya shiga bayan ofis inda ake jibge kwalaye, ya ɗauki saƙon murya sau biyar yana gogewa. Na shida ya tura. Ya yi sallama, ya ce shi ne Zailani mai janareto, yana nan da ransa a Dubai, yana neman afuwar kowa, musamman Oga Sanda. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne yadda abin zai kasance a idon mutanen. Lambar ƙasar waje, ba suna, ba hoto, shekara shida ba ta ce uffan ba, rana ɗaya ta tashi ta ce ita ce mamacin da ake shirin yi wa sadaka. Hafiz ne ya fara, ya ce ga 'yan damfara sun iso, saura su turo lambar asusu. Wani ya ce a ji tsoron Allah, ko matattu ba a bari ba. Ramlat ta ce a bi a hankali, ya turo hoto. Zailani ya ɗaga waya ya ɗauki kansa a gaban kwalaye. Aka jera hoton da wani tsohon da ke zauren, na siririn saurayi mai tulin suma yana dafe da janareto. Wannan kuwa ga sanƙo, ga kumatu, ga furfura a gemu. Shi kansa da ya dubi hotunan biyu bai ga laifinsu ba.

Yana cikin rubuta sunan garejin da Sanda ya same shi, sai rubutu ya fito a ƙasa cewa Kamila ta cire shi. Ya tsaya da wayar a hannu. Saƙonnin shekara shida suna nan, amma wurin rubutu ya rufe. Da yamma ya koma ɗaki ya hau gadonsa na sama, ya riƙa zaro wayar yana dubawa bisa sabo, babu abin da ke shigowa. Bai san haka zauren ya cika masa rana ba sai da ya rasa shi.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo daga Kamila, ita kaɗai. Ta ce ya yi haƙuri, Baba Zailani, hankalinta ne bai kwanta ba ta kunna wa mahaifinta muryar. Ta ce tsohon ya sa ta maimaita sau uku, bai ci abincin dare ba. Ga amsarsa.

Zailani ya sa iyafis. Muryar Sanda ce.

"Zailani. Muryarka ce, ko a tsakiyar kasuwa zan gane ta. Shekara goma sha huɗu ina yi maka addu'a bayan kowace asuba. Kamila ta ce shekararka shida a cikin zauren nan kana kallonmu. Ɗantani ya rasu kana kallo, ba ka ce mana sannu ba. Wa ya tambaye ka kayan kiɗa? Ni na aike ka?" Ya yi tari mai tsawo. "Za a cire sunanka daga saukar, don ba a yi wa Allah wasa. Amma waƙa tana nan, ban yi ƙarya a cikinta ba. Ka zo in gan ka da idona, in sake ta da bakina. In dai a waya kake, kana inda na sa ka."

Zailani ya ji shi sau ɗaya, bai iya maimaitawa ba. Kunya ta rufe shi, amma a ƙarƙashinta akwai wani farin ciki mai zafi, domin rabon da a yi masa faɗa irin na gida tun yana da suma. Ya wanke fuska, ya nufi teburin Alhaji Abdulganiyyu, ya tsaya yana murza hula. Alhajin ya girme shi a arziki ne kawai, a shekaru ƙaninsa ne, kuma ba mugu ba ne. Yana kan waya da wani mai kwantena, sai da ya gama ya ɗago. Zailani ya ce yana neman hutun mako biyu, zai je gida.

Alhajin ya ajiye biro. Tun da yake da shi bai taɓa jin ya ce gida ba.

"Innalillahi. Wa ya rasu, Malam Zailani?"

"Ba kowa, Alhaji."

"To alhamdulillahi, har ka tsorata ni. In dai ba rasuwa aka yi ba, habibi, dubi kayan nan. Azumi ya matso, kwantena uku ne a gabanmu, wa zai riƙe min sikeli? Ka bari sai bayan salla, ni da kaina zan yanka maka tikiti, inshallah."

Zailani ya dubi kwalayen da suka kai rufi. Yana da abin faɗa, maganar ciwon zuciya da ta likita tana nan a bakinsa. Amma bakin ya saba da wata kalmar, ita ce ta riga fitowa. Ya ce to.

Ya koma bayan ofis ya rubuta wa Kamila cewa ta gaishe da Oga, ta ce masa yana nan tafe bayan salla in Allah ya yarda, wannan karon ba fashi. Ya ga alamar ta karanta. Ya auna kwali huɗu, ya naɗe biyu, yana leƙa wayar. Sai bayan azahar amsa ta zo, layi biyu.

"Baba ya ce ya ji. Ya ce ranar da ka zo yi masa sallama ma haka ka ce."